Akushin Aski na Ƙasar Japan

Cikin kayan tarihin Japan babu wanda ya tsaya mini a rai kamar akushin aski. Faffaɗan akushi ne na itace, baƙi wuluk, mai ƙyalli, an yi masa giɓi a baki daidai inda wuyan mutum zai zauna. Mai son aski ya tallabe shi ƙarƙashin haɓa, wanzami na aiki, kumfa da gashi na zuba ciki. Wanzaman Turai na wancan zamani, kamar namu, har jini suke fitarwa, a irin wannan mazubi kuwa suke tarbarsa.

Don Turawa aka yi shi. Tun daga 1641 fataken Holan ne kaɗai cikin Turawa aka yardar wa ciniki da Japan, aka killace su a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki. Su ke ba da siffa, masu sana'a su ƙera.

Ƙyallin nan kuwa na ƙaron wata bishiya ce, urushi. Sai ta haura shekara 10 kafin a tsage ta, ta ba da abin da bai wuce giram 200 ba, sannan galibi a sare ta. Ɗanyensa na fesa wa fata ƙuraje masu ƙaiƙayi. Abin mamaki, rana ba ta busar da shi. Sai an sa shi cikin akwati mai laima yake daskarewa. A shafa, a jira, a goge, a sake shafawa, har watanni su shuɗe, kana a barbaɗa garin zinariya a fitar da furanni ko tsuntsaye.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne makomarsa. Marubuci Tanizaki, a maƙalarsa ta 1933 kan inuwa, ya nuna cewa kyan irin waɗannan kaya a hasken kyandir yake bayyana. Na yarda da shi, amma ina ganin akushin aski ya fi son hannu da ruwan ɗumi. Yau yana bayan gilashi a gidajen tarihi, an rage masa fitila don haske na cinye ƙaron. Ɗalibina da na nuna wa hotonsa ya dubi giɓin nan ya ce, "Malam, ashe fasasshe ne?"