Titin King's Road Da Rigunan Fatar 'Yan Punk

Duk wanda ya bi titin King's Road a unguwar Chelsea ta birnin Landan, in ya kai can ƙurya zai ga wani ɗan kanti mai lamba 430, da agogo a goshinsa wanda hannuwansa ke juyawa da baya. Nan ne Malcolm McLaren da Vivienne Westwood suka yi ciniki, nan kuma samarin da ake kira 'yan punk suka mai da matattararsu a 1976 da 1977.

Lokacin nan marasa aiki a Birtaniya sun haura miliyan ɗaya. Kayan kantin kuwa tsada gare su. Saboda haka yaro sai ya nemi tsohuwar rigar fata a gwanjo, irin ta masu babur, ya zauna a ɗaki ya yi aikin baduku da kansa. Ya huda fatar, ya cusa ƙusoshin ado ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwasa ƙafafunsu ta ciki har yatsa ya yi kanta. Sa'an nan ya rubuta sunan makaɗan da yake so da farin fenti a gadon baya. Rubutun a karkace yake, amma fa ba mai irin tasa.

Yau attajirai ne suka cika Chelsea, manyan kantuna kuma suna sayar da rigar da ƙusoshinta daga masana'anta. A 2016 Joe Corré, ɗan masu kantin nan, ya cinna wa kayan punk da ya tara wuta a jirgin ruwa bisa kogin Thames, don haushin yadda hukumomi suka mai da abin biki. An ce kayan sun kai fam miliyan 5.