Ranar da kunne ya ba Roy Eldridge kunya

A harkar kiɗan jazz na Amurka akwai wata jarrabawa mai suna Blindfold Test. Ɗan jarida Leonard Feather ne ya ƙirƙiro ta a mujallar Metronome a 1946, daga baya ta koma DownBeat. Za a zaunar da makaɗi, a sa masa faifai babu suna, a ce to malam, wa ke busa?

Roy Eldridge, gwanin busa ƙaho, baƙar fata ne da ya sha wulaƙancin wariya lokacin da yake yawo da ƙungiyoyin Turawa irin na Gene Krupa da Artie Shaw. Sunansa na allon talla, amma otal ya hana shi ɗaki. Shi ne ya bugi ƙirji wai kunnensa zai bambance busar baƙi da ta Bature.

A 1951 Feather ya gwada shi. Ai kuwa gogan naka ya yi ta tuntuɓe, yana kiran Bature baƙi! Ashe kunne salon mutum yake ganewa, launin fata kuwa sai ido.