Yadda Muka Raɗa wa Karen Gonarmu Suna

A farkon zangon karatu na biyu, wani tsohon ɗalibin wannan makaranta, wanda yanzu likitan dabbobi ne, ya kawo wa Ƙungiyar Matasa Manoma kyautar ɗan kwikwiyo namiji. Baƙi ne wuluk, kunnuwansa a kwance, watansa biyu da haihuwa. Malamin noma ya danƙa mana shi, mu 'yan aji shida, ya ce abincinsa da wankansa da kai shi allurar rigakafin haukan kare duk suna wuyanmu. Sa'an nan ya ba mu mako ɗaya mu nemo masa suna, amma da sharaɗi guda: kada mu kawo masa Jak ko Bingo, sunan gargajiya yake so.

Kafin mu zauna shawara, sai da muka tambayi likitan asalin karen, domin bai yi kama da namu na gida ba. Ya ce irinsa ake kira Labrador, yana cikin dangin karnukan da aikinsu shi ne ɗauko wa maharbi tsuntsun da ya harbo, ko a tudu ya faɗi ko a ruwa. Kakanninsa karnukan masunta ne a tsibirin Newfoundland na ƙasar Kanada, suna shiga ruwan sanyi su ɗauko igiya da kifin da ya kuɓuce. Daga can aka kai su Ingila, inda ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar ta amince da su a matsayin iri na musamman a 1903. Ya ce namiji in ya girma yakan kai kilo 29 zuwa 36, kuma yakan yi shekara 10 zuwa 12 a duniya. Ya ƙara da cewa mutanen can gajerun sunaye suke sa musu, irin su Ned da Avon, waɗanda suna cikin kakannin wannan iri, da Ben, wanda aka haifa a 1899.

Da muka hallara a gindin mangwaron bakin gona, sunan farko da aka kawo shi ne Ɗanladi, tun da ranar Lahadi aka haifi kwikwiyon. Hujjar mai shawarar ita ce, haka kakanninmu suke yi: na Talata Ɗantala, na Jumma'a Ɗanjuma, na Asabar Ɗan'asabe. Har mun fara tafi, sai wata abokiyar karatunmu ta miƙe, muryarta na rawa, ta ce sunan mahaifinta ke nan. Kowa ya sunkuyar da kai. Nan take muka yanke cewa duk sunan da ake kiran ɗan Adam da shi, ba za mu sa wa kare ba.

Samarin cikinmu suka ce to a sa masa Zaki ko Damisa, don ɓarayin kaji su ji tsoro. Ana cikin wannan magana sai ga mai tallar ƙosai ta shigo, wadda kwikwiyon bai taɓa gani ba. Ya ruga wurinta yana kaɗa wutsiya, ya kwanta yana birgima a ƙafarta. Dariya ce ta kashe wannan shawara. Wani kuma ya ce a kira shi Kawo, tun da kawowa ce sana'arsa. Malam ya ce tunanin ya yi kyau, amma da wannan kalma za mu riƙa ba shi umurni, in ta zama sunansa ba zai san lokacin da ake kiransa da lokacin da ake aikensa ba.

A rana ta huɗu ne aka kawo sunan da ya ja hankalin yawancinmu. Kowa ya san yadda awakin wani maƙwabcin makaranta suka cinye mana alayyafo da kabeji har sau biyu a lokacin rani, bayan mun sha wahalar ban ruwa safe da yamma. A ƙauyukanmu kuwa an saba sa wa kare sunan habaici, irin su Ƙyale-su ko Ba-ruwanka, don mai gida ya faɗa wa maƙwabci abin da ba zai iya faɗa masa ido da ido ba. Saboda haka wani ya ce a kira shi Ɗaure-akuyarka. Muka yi ta shewa. Ga shi na gargajiya ne, ga shi kullum za mu huce haushinmu ta bayan shinge ba tare da an ce mun yi rashin kunya ba. 'Yan kaɗan da suka ƙi yarda muka ce musu matsorata, har wasu suka daina gaisawa da juna a ɗakin cin abinci.

Da maraice muka je muka gaya wa Baba maigadi, wanda ya yi farauta da karnuka a ƙuruciyarsa, muna zaton zai yaba mana. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “'Ya'yana, wata nawa ya rage ku bar makarantar nan?” Muka ce, “Bai fi shida ba, Baba.” Ya ce, “Shi kuwa karen shekara goma zai yi. Ku za ku tafi, ku bar ƙannenku suna kwarara wa dattijo habaici a kan alayyafon da ba su ma gani ba. Suna linzami ne. Ku sa masa abin da za ku iya kira da ƙarfi a gaban iyayenku ranar ziyara.” Ya kuma tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa zuwa ya yi wa maƙwabcin magana. Babu ko ɗaya a cikinmu.

Muna tsaye cikin kunya, sai kwikwiyon ya je yana shinshina takalmin Baba da ke bakin tabarma. Baba ya ce, “In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.” Ya kuwa ɗauka. Amma maimakon ya gudu da shi bayan ɗaki kamar yadda muka saba gani, sai ya zagaya ya dawo ya ajiye shi a gaban mai shi, yana jiran a sake jefa masa. Baba ya yi murmushi ya ce, “Kai, wannan ai ɗan aike ne.” Muka dubi juna. Washegari muka kai wa Malam sunan Ɗan'aike, ba wanda ya yi musu. In yana nesa kuwa, Aike kawai muke cewa.

A ranar Asabar ta wannan mako Malam ya raka mu gidan maƙwabcin. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ba mu haƙuri, sa'an nan ya zagaya da mu ya nuna mana inda shingenmu ya faɗi tun damina, ba mu gyara ba. Ta nan awakin suke shiga. Mun gyara shingen, shi kuma ya aiko mana da takin awaki buhu biyu. Yanzu jikokinsa sukan zo da yamma su jefa wa karen sanda, suna kiran sunansa da ƙarfi. Duk lokacin da muka ji, mukan tuna da sunan da muka so sa masa.

Ɗan'aike ya girma. Kwanan baya ya tsinci ƙwai a bayan akurkin kaji, ya kawo wa Malam a bakinsa ko tsagewa bai yi ba. Muna roƙon 'yan aji biyar da za su gaje mu su kula da lokacin allurarsa, su ajiye masa ruwa a inuwa domin gashinsa na ƙasar sanyi ne, kada kuma su cika shi da ragowar tuwo, gama irinsa ba su san ƙoshi ba. Muna godiya ga likita saboda kyautarsa, da Malam saboda haƙurinsa, da Baba maigadi wanda ainihi shi ne ya raɗa sunan.