BARKONON TSOHUWA BAI SAN MAI LAIFI BA

 Yau zan ɗan taɓo mana wani abu da yawancinmu ke ɗauka harkar maza ce, wato hayaƙin nan mai sa hawaye da ake harbawa idan gari ya rikice, wanda muke kira barkonon tsohuwa. Duk wadda barkono ya taɓa faɗa mata cikin wuta, ta ga yadda gida ke rikicewa da tari da atishawa, ta san sunan ya dace.

Bahaushe ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To ni a ganina wannan magana ba ta hau kan barkonon tsohuwa ba. Saurayin da ya fita zanga-zanga da ƙafarsa ya fita, yana ganin an harba zai ranta a na kare. Shi kuwa hayaƙin iska zai bi, ya tsallake katanga ya sauka tsakar gida, ya iske ki kina tuƙa tuwo da goyo a baya, ga tsohuwa kan tabarma ba ta iya tashi sai an kama ta. Ba ki jefi kowa ba, ba ki ma san abin da ya haɗa su ba, amma ke za ki sha. Mun gani a watan Janairu na 2012 lokacin zanga-zangar janye tallafin man fetur, mun sake gani a watan Agusta na 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, inda aka yi ta harba shi a Kano da Abuja da wasu garuruwa. Ga shi unguwanninmu lungu ne kan lungu, ɗakunanmu kuma tagoginsu ƙanana.

Saboda haka ya kamata mu san mene ne shi. Ki sani 'yar uwa, abin nan da muke ce wa hayaƙi asalinsa farin gari ne. Idan an harba gwangwanin sai wuta ta kama a cikinsa, zafin ya watsa garin cikin iska. Wanda aka fi amfani da shi ana ce masa CS, harufan farko ne na sunayen wasu masana biyu 'yan Amurka, Ben Corson da Roger Stoughton, waɗanda suka haɗa shi a 1928. Wuri mai laima yake nema a jiki, ido da hanci da maƙogwaro da fatar da ta yi gumi, sai ya tsokano jijiyoyin jin zafi, irin waɗanda ɗanyar albasa da tafarnuwa ke tsokana, sai dai ƙarfinsa ya fi nasu nesa ba kusa ba. Nan take ido ya rufe, hawaye da majina su ɓalle, ƙirji ya ɗaure, mutum ya ji kamar ransa zai fita.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, yarjejeniyar hana makamai masu guba da ƙasashen duniya suka sa wa hannu a birnin Paris a 1993, wadda ta fara aiki a 1997, ta haramta amfani da shi a fagen yaƙi, amma ta bar ƙofa a buɗe wajen kwantar da tarzoma a cikin gida. Kin ji fa! Abin da aka hana soja ya jefa wa abokin gabansa, shi ne aka yarje a jefa a bakin kasuwa.

Masu kare shi suna cewa ai ya fi harsashi, kuma gaskiyarsu ne. Babban mutum mai lafiya in ya samu sarari ya sha iska, yawanci cikin rabin awa zai dawo hayyacinsa. To amma ki lura da sharaɗin, lafiya da sarari. Jariri fa? Mai ciwon asma fa, da mai juna biyu, da tsohon da ƙirjinsa ya riga ya yi rauni? Yaro ya fi babba saurin numfashi, ga shi gajere, shi kuwa garin nan ƙasa-ƙasa yake kwantawa.

Idan kuma babu sarari, sai dai Inna lillahi. A Masar, cikin watan Agusta na 2013, an harba shi cikin motar ɗaukar fursunoni da ke rufe, mutum 37 suka rasu. A Akra babban birnin Gana, ranar 9 ga Mayu 2001, an harba shi kan 'yan kallon ƙwallo a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, jama'a suka ruga neman hanyar fita suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum 126 suka mutu a turmutsutsu, da yawansu Musulmi ne 'yan zango irin su Nima. Haka aka sake yi a garin Malang na ƙasar Indonisiya a watan Oktoba na 2022, mutum 135 suka halaka, har da mata da yara. Kin ga ke nan, rufaffen wuri da firgici su ne ke mayar da shi ajali.

Wannan firgicin na gan shi da idona wurin wata maƙwabciyata, ranar da aka yi wani hargitsi a bakin titinmu. Hayaƙi ya riga ya shiga ɗakinta, sai ta tura yaranta uku ƙarƙashin gado ta datse ƙofa, ita a nufinta ta ɓoye su. Wallahi ba don mun ɓalle ƙofar mun fito da su ba, da labarin ya sha bamban. Baiwar Allah so ne ya sa ta, rashin sani ya kusa cutar da ita.

To ga abin yi. In kin ji ana harbawa daga nesa bai iso ba, rufe ƙofa da tagogi, ki toshe kafofi da jiƙaƙƙen zane, ki rufe randa da tukunya. In kuwa ya riga ya shigo, ko gwangwanin ya faɗo cikin gida, kada a taɓa shi da hannu don yana ƙuna, a fita a nufi inda iska ke tasowa, a nemi tudu ko bene, a ɗaga yara sama. Kada a murza ido ko kaɗan. A yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta kamar minti 10 zuwa 15. A cire kayan jiki, in riga ce mai fita ta kai gara a yanka ta da almakashi da a goga ta a fuska, a ƙulle su a leda a wanke su daban. Sannan a yi wanka da sabulu da ruwa mai yawa. Mai shayarwa ta wanke hannu da ƙirji kafin ta ba da nono. Abincin da ya tarar a buɗe a zubar, kada a yi ƙyashi.

Don Allah a bar shafa kananzir a fuska kamar yadda wasu ke yi, yana cin fata, ga haɗarin gobara. Haka man shafawa da basilin, riƙe garin suke yi a jiki. Idan kuma numfashi ya ƙi daidaita, ko yaro yana ta tari yana shaƙewa, ko ido ya ƙi buɗuwa, sai asibiti, ba a jira gobe.

Su kuma waɗanda Allah Ya ba ikon harba shi, ina roƙonsu su tuna bayan kowace katanga akwai jariri da tsohuwa, irin waɗanda suka baro a nasu gidajen. Ke kuma da kika karanta, ki gaya wa maƙwabciyarki da ba ta iya karatu ba, don in kunne ya ji jiki ya tsira.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare mana zuri'a, amin summa amin.

Taku a kullum.