Ba A Wanke Allo Sai An Haddace

Mutane da yawa suna tsammani zamanin kaset ya wuce tun da wayar hannu ta shigo, alhali kuwa har gobe manyan bankuna da ma'aikatun duniya a kan kaset suke ajiye kwafin muhimman bayanansu. Ni da nake wannan rubutu daga unguwar Ajilari a Maiduguri, aikina ke nan shekara da shekaru, watau kula da kaset ɗin ajiya na wata ma'aikata.

Asalinsa ɗaya da kaset ɗin da muka saba jin Shata a ciki, zare ne mai maganaɗisu. Irin namu ana kiransa LTO. Na farko ya fito a shekarar 2000 yana ɗaukar gigabayit 100, wanda aka fitar a 2021 kuwa yana ɗaukar terabayit 18, ga shi bai fi tafin hannu ba. Akan jera su cikin wani akwati mai ramuka, a ciki da wani hannun ƙarfe wanda yake karanta lambar da aka manna wa kowanne, ya ɗauko shi ya sa a bakin na'ura, in ya cika ya mayar, ya ɗauko na gaba.

To, ga inda gizo ke saƙar. In za a sake amfani da tsohon kaset akan yi masa abin da yaran zamani ke kira fomatin, watau a share shi a yi masa sabon tsari. Da zarar an rubuta sabon abu a farkon zaren, na'ura ba za ta ƙara ganin abin da ke gaba ba. Da umarni guda akwatin nan zai bi kaset ashirin cikin dare ɗaya ya share su, domin shi lamba kaɗai ya sani.

Mu a Barno mun san ƙa'idar tsangaya: almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, malam ya tabbata karatun ya zauna. Wannan ita ce ƙa'idar da na riƙe. Wata shekara wani shugabana ya ce in share tsofaffin kaset duka, don a huta da sayen sababbi. Na roƙe shi ya ba ni mako biyu in karanta su tukuna. A cikin guda uku na tarar da takardun ɗaukar ma'aikata aiki da na ƙarin girma, waɗanda gara ta riga ta cinye fayil ɗinsu na takarda. Da an wanke su, da wasu dattawa sun yi ta zarya neman fanshonsu ba su da shaida. Tun daga ranar, duk kaset ɗin da ban karanta ba sai in tura ɗan makullin da ke gefensa, wanda ke hana rubutu.

Kada a ce mu kaɗai ke da wannan gaggawa. A 2009 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta yarda cewa ainihin tef ɗin da aka ɗauki saukar mutum a kan wata a 1969, ga dukkan alamu an share shi an sake amfani da shi. Haka BBC ta share shirye-shiryenta masu yawa don tsimin tef. Abin mamaki, a 2013 aka sanar da gano kashi tara na wasanta Doctor Who da suka ɓata, a wani gidan talabijin a Jos, domin an taɓa aiko da kwafinsu na fim nan ƙasar.

Darasi na biyu ke nan: kwafin da ya yi nisa da gida shi ne ke tsira. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kamar yadda ta yi ambaliya a 1994, ruwa ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa. Wanda ya ajiye kwamfutarsa da kaset ɗinsa a ɗaki ɗaya a ƙasa, ai ruwa bai bambanta su ba. Kaset kuwa ba ya bukatar lantarki kafin ya riƙe abin da aka ba shi, kuma mu da muka sha duhu tun da aka fasa turakun wuta a 2021 mun san darajar wannan. Abin da yake so kawai a raba shi da zafi da ƙura da laima.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ma'aikatu da gidajen rediyonmu, masu muryoyin magabata a kan tsofaffin tef, kada a share kome sai an karanta an kwafe, kuma a kai kwafi guda wani gari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.