Tsakanin Ƙasa da Kai: Abin da Dattawan Yammacin Zamfara Suka Koya Game da Ciwon Baya

A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, inda akasarin jama'a ke cin abinci da noma da kiwo da dako da haƙar zinariya, da wuya a sami wanda ya haura shekara hamsin bai san ciwon baya ba, wato ciwon nan da ke kama ƙugu daga ƙarshen haƙarƙari zuwa kwankwaso, wani lokaci ya gangara ta ɗuwawu har ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a shekarar 2020, kuma babu ciwon da ya kai shi nakasa mutane a duniya. Dattawan yankin, waɗanda suka ga sa'o'insu majiya ƙarfi sun koma dogara sanda tun furfura ba ta gama fito musu ba, sun fi ɗora laifin a kan ɗan taƙin da kaya ke yi daga ƙasa zuwa kai ko kafaɗa, da kuma rashin mai kama wa mutum a wannan taƙin.

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, kuma biyar da ke ƙugu su ne ke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama da su. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai tauri a waje da taushi a ciki, wanda aikinsa irin na gammo ne, yayin da jijiyoyin da ke sauka ƙafa suke fitowa daf da shi, shi ya sa idan ya tsage ya bulluƙo mutum yake jin raɗaɗi ko mutuwar jiki har tafin sawu. Tsokokin da ke miƙar da baya kuwa ba su wuce santimita biyar daga ƙashin ba, don haka duk lokacin da kaya ya yi nisa da ciki sai sun ja da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, faifan ne kuma ke shan matsin. A 1999 wani masani ɗan Jamus, Hans-Joachim Wilke, da abokan aikinsa sun auna matsin a cikin faifan ƙugun mutum mai rai, suka tarar ɗaga kilo 20 a sunkuye da baya a lanƙwashe ya ninka matsin tsayuwa fiye da sau huɗu, riƙe kayan a manne da jiki kuma ya rage wannan matsi da kusan rabi.

Magabata ba su san wannan lissafi ba, amma sun kafa ladabin da ya dace da shi. Matar da ta cika tulu a rijiya ba ta cicciɓarsa ita kaɗai, takan ce wa ta kusa "kama mini", in ta isa gida ta tsaya a ƙofar ɗaki har a zo a sauke ta. Damin gero ko na dawa mutum biyu ke ɗaga shi, ɗaya ya shiga ƙarƙashi da gwiwa a lanƙwashe sannan ya miƙe. Wuce mai neman a ɗora masa kaya abin kunya ne ko da baƙo ne, domin kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ɗabi'a ce dattawa ke ganin tana ja da baya, musamman a tasha da kasuwar hatsi, inda ake biyan ɗan dako bisa yawan buhunan da ya loda, ta yadda jiran abokin ɗauka ya zama asarar kuɗi, neman taimako kuma ya zama abin gori a tsakanin samari. Buhun taki ko na siminti kilo 50 ne, babban buhun masara kuwa yakan kai kilo 100, alhali Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, ma'aunin da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar a 1991 kuma ya tsaya a kilo 23. Ƙwayar tiramol da wasu ke haɗiya kafin lodi ita ce ta ƙara dagula lamarin, don tana toshe zafin da ya kamata ya gargaɗi mutum ya dakata.

Idan ɗaukar ta zama dole babu mataimaki, tsohon ɗan dako yakan matsa har kayan ya shiga tsakanin ƙafafunsa, ya ware su, ya durƙusa ta gwiwa da kwatangwalo, ya ɗan girgiza buhun ya ji nauyinsa, ya ɗaure ciki, sannan ya tashi a hankali ba tare da fizga ba. In zai juya, ƙafa yake ɗagawa ya juya gaba ɗayansa, saboda murɗa ƙugu da kaya a hannu yana iya tsaga faifai. Yakan kuma jingina buhun a kan wani buhu ko bakin amalanke, domin ɗauka daga tsayin cinya ba ɗaya take da ɗauka daga ƙasa ba.

Sunkuyo ya fi ɗauka ɓoye ɓarnarsa, da yake ba a rana ɗaya take bayyana ba. Mai noma da fartanya ko mai huɗa da garma yakan yi sa'o'i a duƙe, haka mai dashen shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara wajen Gummi. Mace kuwa, da ba a cika lissafa aikinta cikin aikin ƙarfi ba, tun asuba take duƙe a kan gajeriyar tsintsiya da murhu da kwanon wanki, sau da yawa da goyo a baya, ga jan guga, ga jarka mai lita 25 wadda ruwan cikinta kaɗai kilo 25 ne. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta sa ma'aikatan gona noma da gajeriyar fartanya a 1975 saboda illarta ga baya, manoman jigawar Nijar kuma sun daɗe suna noma a tsaye da hauya mai doguwar ƙota, sai dai wannan hauya ta rairayi ce, ba ta cin lakar fadama. Abin da ya rage wa manomin yankin shi ne ya miƙe a ƙarshen kowace kunya ya dafa ƙugu ya ɗan banƙare, ya riƙa sauya aiki, mace kuma ta jawo kujera 'yar tsugune ko ta ɗora kwanon wanki a kan turmi. Sassafe ya fi buƙatar hattara, domin faifan yakan sha ruwa ya kumbura da dare, sai an ɗan yi tafiya yake daidaita. Ba a ce sunkuyo haramun ne ba, don bayan da ya saba aiki ya fi na mai zaman banza juriya. Daɗewa a duƙe da maimaitawa ba hutu su ne abin gudu.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa bayan talaka kaya. Satar dabbobi ta raba gidaje da yawa da shanun huɗa da na amalanke, aikinsu ya dawo kan mutane. Ƙauyukan Bagega da Dareta da Abare a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum duniya ta san su ne da gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kusan 400, amma ba a cika maganar samarin da ke wuni a takure cikin ƙuntataccen rami suna sara, wasu na jawo buhunan dutse da igiya daga sama ba.

Idan ciwon ya zo, an saba danganta shi da basir ko sanyi, a nemi jiƙo ko a kira wanzami ya yi ƙaho, wasu kuma su kwanta mako guda. Mafi yawan ciwon baya yakan lafa cikin 'yan makonni, kuma ya fi saurin lafawa ga wanda ya ci gaba da tafiya da ƙaramin aiki, don doguwar kwanciya sandarar da tsoka take yi. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya sun fifita motsa jiki da tausa da wayar da kai, sun kuma hana dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da magunguna dangin tiramol. Magungunan zafi da ake saye a kemis ma, in aka daɗe a kansu, suna cin ciki da ƙoda. Akwai kuma ciwon da ba a zama da shi a gida: wanda ya biyo bayan faɗuwa, ko ya zo da raunin ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya ya cinye shi har ƙusumbi ya fito. Mai irin waɗannan alamu babban asibitin Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya kamata a kai shi ba jinkiri, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce da shi Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.