Waƙar Maƙwabciyata Da Harshen 'Yata

A wannan watan labarin wata mawaƙiya na zo miki da shi. Kada ki yi saurin juya shafi, domin ƙarshen zancen a cikin ɗakinki zai tsaya.

A shekarar 2002 maigidana yana karatu a Ingila, muna zaune a gidan haya da 'yarmu ta fari, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata ta ci. Shekararta biyar a lokacin. Maƙwabciyata 'yar Masar ce, mace mai son mutane. Wata Asabar na shiga wurinta aron tukunya, na tarar ta sa faifai tana wanke-wanke. Muryar mace ce da Larabci, tana ja tana lanƙwasawa, a ƙarƙashinta kuma kiɗan na'ura yana dukan ƙirji irin wanda samarin Turawa ke ƙurewa a mota. Na ce, "Maman yara, wannan wane irin haɗin gambiza ne?" Ta yi dariya ta ce sunanta Natacha Atlas, in zauna in sha shayi in ji labarinta.

An haife ta a 1964 a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam. Uwarta Baturiyar Ingila ce, ubanta kuma yana da asali da Masar. Da auren iyayen ya mutu, uwar ta koma da ita garin Northampton a Ingila, ta girma tsakanin Faransanci da Turanci, nesa da ƙasar ubanta. A 1991 ta shiga wata ƙungiyar makaɗa ta Landan mai suna Transglobal Underground, masu haɗa kiɗan na'ura da kaɗe-kaɗen ƙasashe daban-daban. A 1995 ta fitar da faifanta na farko, Diaspora, kalmar da ke nufin mutanen da suka watsu nesa da ƙasarsu. Na biyu, Halim, ya fito a 1997 don tunawa da Abdulhalim Hafiz, shahararren mawaƙin Masar da ya rasu a 1977. A 2001 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar taron yaƙi da wariyar launin fata da aka yi a Durban, Afirka ta Kudu.

Maƙwabciyata ta nuna mini inda wahalar aikin take. Waƙar Larabawa tana tafiya ne a kan abin da suke kira maƙami, wato tsarin hawa da saukar murya, kamar rast da bayati. A cikinsu akwai sautukan da suke faɗawa tsakanin maɓallai biyu na fiyano, waɗanda fiyanon Turawa ba shi da su sam. Na'ura tana iya riƙe bugu daidai ba gajiya, gangar darbuka ta hau kansa ta zauna. Amma waɗannan sautuka na tsakiya sai murya, ko molon Larabawa da ake kira ud, ko sarewa. Ta ce, "Da ta yar da su don ta faranta wa na'ura, da ba wanda zai saurare ta a Alƙahira." Na ɗauki tukunyata na fita, ban ɗauka zancen ya shafe ni ba.

Washegari na sayo katin waya na kira gida Katsina. Na miƙa wa Ummi ta gaida kakarta. Yarinya ta gaishe ta da Turanci, ta yi shiru. Hajiya ta yi mata wasa, ta tambaye ta me ta ci, shiru. Da na karɓi wayar sai na ji tana cewa, "To takwara, ni ba Turanci, ke ba Hausa, sai mu yi ta sauraron numfashin juna?" Da dariya ta faɗa, amma na san muryar uwata. A daren nan ban yi barci ba.

Laifin nawa ne, uwargida. Ni na riƙa yi mata Turanci a gida, wai don kada ta sha wahala a makaranta. Har alfahari nake yi idan baƙi suka yaba. Da na gwada ta, sai na tarar ba ta iya cewa ƙasa sai kasa, ba ta iya ɗaki sai daki, ɓera kuwa ya zama bera. Nan maganar maƙwabciyata ta dawo mini. Su ma waɗannan haruffa namu babu su a bakin Bature, kamar yadda sautukan can babu su a fiyano. Idan uwa ba ta sa su a bakin ɗanta ba, babu makarantar da za ta sa.

Tun daga ranar na kafa doka: da an shigo gida, Hausa. Ummi ta yi kuka, ta yi yajin magana na kwana biyu, uban ma ya ce na tsananta. Na dage, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kullum dare tatsuniya ɗaya, ta Gizo da Ƙoƙi, har ta fara gyara mini idan na tsallake wani wuri. Muka dawo gida a 2005. Hajiya ta rasu bayan shekara biyu, amma kafin nan ta samu jikar da take zama gefen tabarmarta suna hira har a kira isha'i.

Ba cewa nake ki nemo faifan Natacha ba. Ta yi rawa a gidajen shaƙatawa tun farkon sana'arta, shigarta ba irin tamu ba ce, batun kiɗa kuma kowace ta san matsayin gidanta. Abin da na ɗauka daga gare ta shi ne, yarinyar da ta tashi nesa da harshen ubanta ta ƙare da rera yawancin waƙoƙinta da shi. A 2008 ma ta ajiye na'ura gefe, ta fitar da Ana Hina da kayan kiɗa na hannu, ciki har da tsofaffin waƙoƙin Fairuz ta Lebanon. Ita ta samu hanyar komawa. Yara da yawa ba sa samu.

Ba sai kin je Ingila wannan zai same ki ba. A Abuja da Kaduna, har cikin Kano, akwai gidajen da jika ba ya iya gaida kakarsa. Ki bar ɗanki ya iya Turanci da kwamfuta, zamani ne, kuma zai amfane shi. Amma yau da daddare ki kira shi, ki ce ya faɗi ƙasa, ɗaki, ɓera, ki saurara da kyau.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan iyayenmu. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.